Amsoshin Tambayoyinku: Littattafan Zane Na Manya Da Makomar Na'urar Karatu

TAMBAYA: Ni malamin makarantar sakandare ne a Zariya. Ƙanena ya dawo daga karatu a ƙasar waje da wata 'yar na'ura ta karanta littattafai mai suna Kindle. Sau da yawa idan na leƙa sai in tarar zane-zane yake kallo, irin na katun ɗin yara. Da na yi masa magana sai ya ce ai waɗannan littattafan zane ne na manya. Abin ya ɗaure min kai. Shin da gaske akwai littafin zane da aka yi domin babban mutum, ko dai batsa ce aka sakaya sunanta? Na biyu, ni ma ina sha'awar sayen irin wannan na'ura, amma wani abokina ya ce asarar kuɗi ce, domin wayar hannu ta riga ta kashe kasuwarta. Don Allah a yi min bayani.

AMSA: Mun gode da wannan tambaya. A ido tambayoyi biyu ne, amma jijiyarsu ɗaya, kuma za ka ga inda suka haɗu kafin mu kai ƙarshe. A taƙaice, ƙanenka ya faɗi gaskiya, abokinka kuma ya faɗi rabin gaskiya. Bari mu bi abin daki-daki.

Mu fara da abin da ya fi damunka. Akwai zanen batsa a duniya, kamar yadda ake da fim na batsa da rubutaccen labari na batsa, kuma wajibi ne uba da malami su sa ido. Sai dai idan masu shagunan littattafai da ɗakunan karatu suka ce littafin zane na manya ne, abin da suka fi nufi shi ne maganar da ke cikinsa ta fi ƙarfin yaro: yaƙi, siyasa, tarihi, jinya, mutuwar iyaye, rikicin aure, talauci, gudun hijira. Labarin ne ke nuna shekarun mai karatu. Zane hanya ce kawai ta isar da shi, kamar alƙalami ko kyamara.

Yadda abin yake aiki shi ne, ana raba shafi gida-gida kamar gurbin dara, kowane gida da hotonsa, maganar mutanen ciki kuma a rubuce kusa da bakinsu. Ƙarfin fasahar yana cikin ɗan filin da ke tsakanin gida da gida. A gida na farko ka ga dattijo riƙe da kofin shayi yana sauraron rediyo. A na biyu ka ga kofin a ƙasa a fashe. Ba wanda ya zana faɗuwar kofin, ba wanda ya rubuta cewa mummunan labari ya ji, amma zuciyarka ta riga ta cike gurbin. Wannan aikin da mai karatu ke yi da kansa shi ne ya sa babban mutum ke iya nutsewa a cikin irin waɗannan littattafai.

To me ya sa mutane da yawa suka ɗauka kayan yara ne? Babban dalili ya faru ne a Amurka. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana zargin mujallun zane da lalata tarbiyyar matasa. A shekarar ce wani kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya zauna kan batun, kamfanonin kuma, don gudun kada gwamnati ta sa musu takunkumi, suka kafa hukumar tace kansu da kansu. Dokokinta sun hana labarin tsoro mai tsanani, sun hana nuna jami'an tsaro a wulaƙance, sun wajabta cewa dole mai gaskiya ya yi nasara a kowane labari. Abin da ya fi yawa a kasuwa daga baya sai ya zama irin su jarumai masu tashi sama da dabbobi masu ban dariya. Irin waɗannan ne aka yi shekaru ana kaiwa ƙasashen da ke amfani da Turancin Ingilishi, har mutane suka ɗauka iyakar abin ke nan.

Al'amarin ya fara juyawa a 1978, lokacin da Will Eisner ya fitar da A Contract with God, labarai huɗu kan talakawan wani gidan haya a birnin New York. Na farkonsu labarin mutumin da ɗiyarsa ta rasu, imaninsa ya girgiza. Eisner da kansa ya rasa ɗiyarsa tana da shekara 16, saboda haka daga cikin ciwonsa ya yi zanen.

Littafin da ya rufe bakin masu musu shi ne Maus na Art Spiegelman. Mahaifinsa, Vladek, Bayahude ne ɗan ƙasar Poland da ya tsira daga sansanin Auschwitz a Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗan ya riƙa zuwa gidan tsohon da rikoda yana ɗaukar labarinsa, sannan ya zana shi: Yahudawa a siffar ɓeraye, Jamusawa a siffar kyanwoyi. Bai tsaya ga yaƙin kaɗai ba. Ya nuna wahalar zama da mahaifin da azaba ta mayar mai tsananin maƙo da saurin fushi, ya nuna mutuwar mahaifiyarsa da ta kashe kanta a 1968. Aikin ya ɗauke shi shekara 13. Juzu'i na farko ya fito a 1986, na biyu a 1991, a 1992 kuma aka ba shi lambar yabo ta musamman ta Pulitzer, wadda ake ji da ita a aikin jarida da adabi a Amurka. Ba littafin da za a miƙa wa ɗan firamare ba ne. Ko a 2022 hukumar makarantu ta wata gunduma a jihar Tennessee ta cire shi daga manhajar 'yan aji takwas, aka yi ta muhawara a faɗin ƙasar kan shekarun da suka dace da karanta shi.

Akwai kuma Joe Sacco, ɗan jarida haifaffen tsibirin Malta, wanda ya mayar da zane aikin jarida. Ya yi wata biyu a Gaɓar Yamma da Zirin Gaza a ƙarshen 1991 zuwa farkon 1992, yana shiga gidajen Falasɗinawa, yana shan shayi da su, yana rubuta abin da suka faɗa masa game da kurkuku da rusau da dokar hana fita. Daga nan ya fitar da Palestine. A 2009 kuma ya fitar da Footnotes in Gaza, inda ya bi diddigin kisan da sojojin Isra'ila suka yi a Khan Yunis da Rafah a watan Nuwamban 1956, wanda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta mutum 275 a gari na farko da 111 a na biyu. Babu hoton kyamara na mafi yawan abin da ya faru a waɗannan ranaku. Sacco ya nemi tsofaffin da suka gani da idonsu, ya zana titunan da layukan mazajen da aka tara kamar yadda suka siffanta masa. A nan ne zane ya yi abin da kyamara ba za ta iya ba, ya komar da mai karatu wurin da ba a ɗauki hoto ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Marjane Satrapi ta ba da labarin ƙuruciyarta a Iran lokacin juyin juya halin 1979 da yaƙin Iran da Iraƙi a cikin Persepolis, wanda ya fito da Faransanci daga 2000 zuwa 2003. Ya kamata ka sani cewa akwai wuraren da Musulmi da dama suka yi tir da su a cikinsa, musamman inda ta zana siffar da ta ce haka take raya Ubangiji a ranta tana yarinya. Wannan ma yana cikin ma'anar littafin manya: ana karanta shi da hankalin tantancewa. A nan Afirka ta Yamma kuma, Marguerite Abouet, haifaffiyar Abijan, ta rubuta Aya de Yopougon, Clément Oubrerie ya zana, aka fara fitar da shi a 2005. Labarin 'yan mata uku ne a wata unguwar Abijan a ƙarshen shekarun 1970: mai son zama likita, mai cikin da ba a shirya ba, uban da ya ɓoye wata mace da 'ya'ya a wani gari. Duk wanda ya zauna a unguwar talakawa a Kano ko Maraɗi zai gane mutanen da ke ciki.

Wasu ƙasashen ba su taɓa ɗaukar zane a matsayin kayan yara kaɗai ba. Faransawa da mutanen Beljiyam suna kiransa fasaha ta tara, suna jera shi da waƙa da sassaƙa da fim, kuma a 1974 aka fara yin babban bikinsa a garin Angoulême. A Japan ana kiransa manga, an kuma raba shi rukuni-rukuni: na samari, na 'yan mata, na manyan maza da suke kira seinen, da na manyan mata da suke kira josei. Akwai manga kan girki, kan aikin asibiti, kan kasuwanci, kan kula da tsofaffi. Golgo 13, wanda Takao Saito ya fara a 1968 a wata mujallar manya, ya haura juzu'i 200. Ana buɗe manga daga dama zuwa hagu, yadda muke buɗe littattafan Larabci da na ajami, don haka hannun Bahaushe ba zai yi baƙunta da shi ba. Ko a Najeriya, mujallar Ikebe Super da Wale Adenuga ya fara a 1976, inda Papa Ajasco ya samo asali, manya ne suka fi sayenta. Kai kanka, Malam, duk ranar da ka tsaya kan zanen Mustapha Bulama a jaridar Daily Trust kana jinjina yadda ya kwatanta halin da ƙasa ke ciki, zanen manya ka karanta. Bambancin kawai shi ne nasa gida ɗaya ne, na ƙanenka shafi ɗari biyu ko uku.

Yanzu mu koma kan na'urar. Fuskar waya fitila ce, haske take harbowa cikin idonka. Fuskar Kindle da 'yan'uwanta kuwa ana kiranta takardar lantarki. A cikinta akwai miliyoyin 'yan ƙananan ƙwayoyi, kowace kaurinta kamar silin gashi, cike da ruwa mai ɗauke da ƙurar launi fara da baƙa. Idan aka ɗan saki lantarki, sai farar ta taso sama baƙar ta nutse, ko akasin haka, harafi ya bayyana. Da zarar shafi ya zauna, ba ya bukatar wuta kafin ya ci gaba da zama. Sai za ka juya shafi ne batir ke aiki. Shi ya sa caji ɗaya ke kai makonni, shi ya sa kuma ake iya karatu da ita a tsakar rana, inda fuskar waya ke dushewa. Ga wanda ke zaune inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan babbar fa'ida ce.

An ƙirƙiro fasahar a jami'ar MIT ta Amurka, aka kafa kamfanin E Ink a 1997. Sony ne ya fara fitar da na'urar karatu mai irin wannan fuska a Japan a 2004. Amazon ya fito da Kindle a watan Nuwamban 2007 a kan dala 399, kashin farko ya ƙare cikin 'yan sa'o'i. Kobo na ƙasar Kanada ya biyo baya a 2010. A shekarar ce kuma Apple ya fitar da iPad, wayoyi suka fara faɗaɗa fuska. Cinikin na'urorin karatu ya kai ƙololuwa a 2011, inda aka fitar da kimanin miliyan 23 a duniya, daga nan ya yi ƙasa sosai. Sony ya bar sana'ar a 2014. Wannan shi ne rabin gaskiyar da abokinka ya faɗa. Ɗaya rabin kuwa, sama da shekara goma bayan an yi mata ta'aziyya, har yau Amazon da Kobo da PocketBook da Onyx suna fitar da sababbi, mutane suna saye.

A nan ne tambayoyinka biyu suka haɗu. Rubutu zalla kamar ruwa yake, duk mazubin da ka zuba shi zai ɗauki siffarsa. Idan fuskar na'ura ƙarama ce, sai layuka su ragu, shafuka su ƙaru. Idan idonka ya raunana, sai ka ƙara girman haruffa. Ba abin da ya ɓace daga labarin. Shafin zane kuwa kamar saƙaƙƙiyar tabarma yake. Mai zanen ya riga ya yanke wane gida ne zai yi girma, wane ne zai zo a ƙasan shafi don ya riƙe numfashinka kafin ka juya. Ba ya zubuwa. Ko dai mazubin ya ɗauke shi yadda yake, ko a datsa shi. Saboda haka littafin zane ya zama babbar jarrabawar na'urar karatu, ta fuska uku.

Ta farko girma. Shafin mujallar zane ta Amurka ya kai kusan santimita 17 a faɗi da 26 a tsawo, na Faransa ya ma fi haka. Fuskar na'ura mai inci 6 kuwa kusan santimita 9 ce da 12, wato wajen rubu'in shafin. Idan aka matse shafin a ciki, rubutun sai ya koma kamar ƙafar tururuwa. Ta biyu launi. Fuskar gargajiya matakai 16 kawai take nunawa tsakanin fari da baƙi. Ta uku nauyi. Dogon labari na rubutu zalla ba ya cin wuri, amma juzu'i ɗaya na zane yana iya cin wurin littattafan rubutu da dama, ga cin data wajen saukewa.

Manga ne ya fi dacewa da na'urar tun farko, domin mafi yawansa baƙi da fari ne, littafinsa kuma ɗan ƙarami ne da bai fi fuska mai inci 7 da yawa ba. Amazon ya gane haka, har a 2016 ya fitar da Kindle na musamman domin masu karanta manga a Japan, mai ma'adanar gigabait 32, ninki takwas na wadda aka saba. Ga manyan shafuka masu launi kuwa, kamfanin comiXology da aka kafa a 2007, wanda Amazon ya saya a 2014, ya shahara da wata dabara: maimakon a nuna maka shafin gaba ɗaya, sai a riƙa kawo maka gida ɗaya bayan ɗaya. Dabarar tana sa rubutu ya karantu, amma tana da hasara. Sacco yana da zanen da ya cinye shafi biyu, sansanin 'yan gudun hijira da ɗaruruwan mutane da taɓo da rufin kwano, wanda aka yi shi don ya cika maka ido a lokaci guda. Idan aka yanka maka shi gunduwa-gunduwa, ka ga kowane ɓangare amma ba ka ga abin da ya so ka gani ba.

Maganar launi ta ɗauki lokaci. Ƙananan kamfanoni ne suka fara, amma sai a watan Afrilun 2024 Kobo ya fitar da nasa masu launi, a watan Oktoba na shekarar kuma Amazon ya fitar da Kindle Colorsoft a kan kusan dala 280. Yadda akasarinsu ke aiki shi ne an shimfiɗa wani siririn mataci mai launuka a kan fuskar baƙi da fari. Launi 4,096 yake bayarwa, alhali fuskar waya tana ba da sama da miliyan 16. Kaifin hoto mai launi rabin na baƙi da fari ne, ɗigo 150 a kowane inci maimakon 300, matacin kuma yana ɗan rage hasken shafi. Launin yana fitowa kamar na atamfar da ta sha wanki: ana gane ja da kore da shuɗi, amma ba su da ƙyalli. Wasu masu karatu sun fi son haka domin ya yi kama da tsohuwar takarda, wasu kuma suna ganin an rage wa mai zane haƙƙinsa. Ta fuskar girma ma an matsa. Kindle Scribe da ya fito a 2022 yana da inci 10.2, har da alƙalamin rubutu.

Yayin da masu na'ura ke ƙoƙarin faɗaɗa mazubi, wasu masu zane sun sauya saƙar tabarmar kanta. A Koriya ta Kudu, shafukan intanet na Daum a 2003 da Naver a 2004 suka buɗe dandalin labaran zane da ake kira webtun. Babu shafi a cikinsa. Gidajen an jera su ne daga sama zuwa ƙasa kamar dogon zani, kana ja da babban yatsa. Idan mai zane yana son ka ji tsawon shiru, sai ya bar dogon fili fari ka yi ta ja kafin hoto na gaba ya bayyana. An gina shi daidai da fuskar waya, ya kuma bunƙasa har kamfanin Webtoon ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka a watan Yunin 2024. A Japan, cinikin juzu'an manga na lantarki ya zarce na takarda tun 2017. A 2024 kasuwar manga ta haura yen biliyan 700, fiye da kashi 70 cikin 100 na lantarki ne, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na duk cinikin littattafan lantarki a ƙasar manga ne. Akasari a waya ake karantawa. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Mu ma shaida ne, domin marubutan Hausa na wannan zamani a WhatsApp da Wattpad da manhajar ArewaBooks suke samun mafi yawan masu karatunsu.

To ina aka dosa? A ganina abu uku ne. Na ɗaya, waya ta riga ta zama na'urar karatun jama'a, kuma ba abin da zai ƙwace mata wannan matsayi nan kusa. Na'urar karatu za ta zauna ne a matsayin kayan aikin mai yawan karatu, yadda rediyo ya zauna da masu sauraronsa bayan zuwan talabijin. Abin da take sayarwa yanzu shi ne natsuwa: ba kira, ba saƙo, ba bidiyo da zai fizge ka daga shafi. Na biyu, za ta ci gaba da ƙara launi da girma da alƙalami, ta zama littafin karatu da na rubutu a haɗe, kuma masu karanta zane da ɗalibai ne ke jan ta zuwa can. Na uku shi ne wanda na fi so ka riƙe, wato wa ya mallaki littafin.

Idan ka sayi littafi a kasuwar Sabon Gari, naka ne. Kana iya ba da aro, ka sayar, ka bar wa 'ya'yanka gado. Idan ka saya a mafi yawan shagunan intanet, izinin karantawa ka saya, littafin kuma a kulle yake da asusunka. A watan Yulin 2009 Amazon ya goge wasu kwafe na littattafan George Orwell biyu daga na'urorin mutanen da suka biya kuɗi, saboda wanda ya saka su a shagon ba shi da haƙƙin sayarwa. An mayar musu da kuɗinsu, shugaban kamfanin ya ba da haƙuri, amma duniya ta ga cewa hakan mai yiwuwa ne. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, littattafan suka daina buɗuwa, aka mayar wa mutane kuɗi. A watan Disamban 2023 aka rufe manhajar comiXology, aka kwashe littattafan masu ita zuwa manhajar Kindle. A watan Fabrairun 2025 Amazon ya cire damar sauke littafin da ka saya zuwa kwamfuta don turawa na'ura ta igiya. A gida Najeriya ma, dandalin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023. Kayan aro ba ya rufe katara. Duk na'urar da za ka saya, ka fifita wadda ke buɗe fayil ɗin da kai ka ajiye da hannunka, ka kuma riƙe kwafinsa a wani wuri.

Ga shawarata a aikace. Idan akasarin karatunka rubutu ne zalla, tarihi da addini da ƙagaggun labarai, tare da manga ko littattafan zane na baƙi da fari irin Maus, to na'ura mai inci 7 marar launi ta wadatar, ta fi araha, rubutunta kuma ya fi kaifi. Idan manyan shafuka masu launi kake so, ko littattafan makaranta da aka ɗauka a tsarin PDF, kwamfutar hannu irin iPad ko takwarorinta na Android mai inci 10 zuwa sama ta fi dacewa, sai dai ka shirya yi mata caji kusan kullum. Idan kuɗi sun yi ƙaranci, kada ka takura kanka, wayar da ke hannunka ta isa ka fara. Kafin ka biya, ka duba abu huɗu: girman ma'adana, ko tana buɗe tsarin EPUB da PDF da CBZ wanda aka fi adana littattafan zane a cikinsa, ko katin bankinka zai iya biya a shagonta, da kuma ko tana nuna haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, yadda ya kamata. Na'urorin Kobo suna buɗe CBZ kai tsaye, Kindle kuwa sai an sauya masa tsari. Akwai littattafai na halal kyauta, kamar na Project Gutenberg da ke da sama da 70,000 waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Amma ka guji kwafen sata. Mutumin da ya yi shekaru yana zana shafi ɗaya bayan ɗaya ya cancanci ladan guminsa.

A matsayinka na malami, ka riƙe ƙa'ida ɗaya: ganin zane a bangon littafi ba shaida ba ce cewa ya dace da yaro. Ka buɗe, ka karanta, sannan ka miƙa. Haka kuma kada ganin zane ya sa ka raina abin da babba ke karantawa. A cikin ajinka akwai yaran da ke cika bayan littattafansu da zane, ana yi musu faɗa. Ka ja su a jiki. Muna da labaran da ke jiran hannunsu: tafiyar fatake zuwa Gwanja neman goro, Sarauniya Amina ta Zazzau, abin da ya faru a Satiru a 1906, rayuwar iyalan da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu a yau. Kamfanoni irin su Comic Republic a Legas sun nuna cewa matashin Najeriya zai iya zana labari ya isar da shi ga duniya ta waya, kuma wayar nan tana hannun miliyoyin masu jin Hausa.

Saboda haka, Malam, ka nemi ƙanenka ya ara maka na'urar na mako guda. Ka ce ya zaɓo maka littafin zane ɗaya mai nauyi, ka karanta shi daga farko har ƙarshe, ka kuma karanta littafi ɗaya na rubutu zalla a kanta. Idonka da aljihunka za su gaya maka ko ta dace da kai. Na'ura za ta tsufa a sake wata, amma ɗabi'ar karatu da ka dasa a gidanka da ajinka ita ce za ta daɗe. Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a aikin koyarwa.